Yadda Ake Gasa Mangwaro da Cuku a Samu Kujerar Shugaban Sashe

Kai da ka shekara shida a kan kujera ɗaya a ofis, kana kallon waɗanda suka zo bayanka suna wuce ka, share hawayenka, kukanka ya ƙare. Abin da ya rage tsakaninka da ƙarin girma bai wuce mangwaro shida da abarba ɗaya da 'yar ledar cuku da garwashi ba. Na yi maka alkawari, idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba ka tsallake ko guda ba, kafin wata ya mutu kujerar da kake mafarki ta zama taka. Ba labarin ƙanzon kurege nake kawo maka ba. A kan idona aka gwada, a gidan ƙanena Auta, ina tsaye a kicin da soso a hannu. Yau shi ne shugaban sashe, da ofishinsa shi kaɗai, da ƙofar da sai an ƙwanƙwasa.

Ka gyara zama. Kunya kuma ka ajiye ta gefe, ba ta cikin kayan haɗi.

1. Ka fara cika baki kafin ka kunna wuta

Kada ka ɓata lokaci wajen koyon girki. Kana can kana koyo wani zai haye kujerar.

Dubi Auta, mutumin da ko ruwan shayi ya ɗora sai tukunyar ta ƙone. A kamfanin kayan gini yake aiki, a sashen takardu, inda mutum zai tsufa babu wanda ya san sunansa. Sai shugaban sashen karɓar manyan abokan ciniki ya yi ritaya, Manaja kuma ya faɗa a taro cewa wayayye yake nema, wanda ya san inda duniya ta sa gaba. Su biyu suka sa ido a kan kujerar: Auta da wani Dogo na sashen lissafi, wanda ya taɓa hawa jirgi sau ɗaya, bai kuma bar kunnen kowa ya huta ba tun daga ranar.

Auta bai taɓa hawa jirgi ba, amma yana da waya. A cikinta ya ga bidiyo na daƙiƙa arba'in: wani mutum cikin farar rigar girki ya jera yankan 'ya'yan itace a kan raga, ya ɗora farin cuku, ya ɗiga zuma, ya ɗanɗana ya lumshe ido. Ranar Litinin aka ji Manaja yana ƙorafi cewa likita ya hana shi nama da maiƙo, rayuwa ta zama lami. Auta ya matso.

"Ranka ya daɗe, ai ni na daɗe da sallamar nama. A gida 'ya'yan itace nake gasawa da cuku."

"Gasawa? Mangwaro a wuta?"

"Har da abarba. Minti goma an gama. Haka ake yi a waje."

"Da hannunka?"

"Da hannuna, ranka ya daɗe."

"To, ranar Asabar ƙarfe huɗu ina gidanka."

Ka lura da darasin. Cuku ma maiƙo ne zalla, likita kuma ya san da haka, amma tunda a waje ake cinsa, doka ba ta hau kansa ba. Auta ya koma teburinsa, Dogo kuwa ya tauna murfin biro har ya fashe.

2. Ka gyara asalinka

Ba a kowane gida ake haifar wayayye ba, don haka sai ka ɗan yi wa gidanku kwaskwarima.

Babanmu 'ya'yan itace yake sayarwa. Tebur ɗaya ne a bakin titi kusa da tashar mota, da lema da ta sha faci, da benci, da keke mai kwando biyu. Shekara talatin da takwas yana wurin. Daga kan teburin nan muka ci, muka yi sutura, daga nan Auta ya yi makaranta har ya ɗauko takardar da ta kai shi ofis. Ni ɗinki na koya, don a lokacin ɗa ɗaya teburin yake iya ɗauka, ban kuwa taɓa jin haushin Baba a kan haka ba. Haushin da nake ji daga baya ya zo, kuma ba na Baba ba ne.

Ga yadda ake kwaskwarimar. Wata rana, tun kafin maganar kujera, Manaja ya tambayi Auta sana'ar mahaifinsa.

"Harkar kayan marmari yake yi, ranka ya daɗe."

"Babbar harka ke nan."

"Alhamdu lillahi, kaya ba sa yankewa."

"Da motocinsa da ma'aikatansa, ko?"

Auta ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai irin na mai gudun fahariya.

Ka ga gwaninta? Kada ka taɓa yin ƙarya da bakinka. Ka yi murmushi kawai, ka bar babban mutum ya shirya maka ƙaryar da kansa, ya fi ka iyawa. Tun daga ranar keken Baba ya zama jerin motoci a cikin kan Manaja, Auta kuma ya daina bin titin tasha idan yana sanye da kwat.

3. Ka sayi abin da ya fi kyau a ido

Kada ka je teburin mahaifinka. Duk sauran matakan a kan wannan suka tsaya.

Baba ba ya miƙa wa mutum kaya haka kawai. Kana nuna abu zai ce, "Yaushe za a sha?" Idan yau ne, akwai na yau. Idan jibi ne, zai laluba ƙasan tebur ya ɗauko maka wanda zai kai jibi daidai, ya naɗe a takarda, ya ce kada ka sake ya ga sanyi. Abarba kuwa sai ya juya gindinta ya shinshina, ya ja ganye ɗaya daga tsakiyar kanta. Idan bai zaru da sauƙi ba sai ya mayar da ita, ko kana roƙo. Ya sha faɗa mana cewa mangwaro yana ƙarasa nuna a gida, amma abarbar da aka yanko ɗanya ta tafi ke nan, ba ta ƙara zaƙi.

Mutum irin wannan zai tambaye ka wane ne baƙon. Zai ce a kawo shi ya gan shi. Idan ka ce gasawa za ka yi, zai taɓa goshinka ya ji ko zazzaɓi ne. Wa ke da lokacin wannan?

Auta ya tafi babban kantin nan mai ƙofar gilashi, inda sanyi ke dukan mutum tun daga bakin shiga, ana tura kwando mai taya. Ya zaɓi mangwaro shida masu sheƙi, kowanne da 'yar takarda manne a jikinsa, tauri kamar dutse. Ya ɗauki abarba koriya shar, don ita ta fi tsayi da kyan ganye. Bai shinshina ba. Hancinsa ya so, na tabbata, don a gindin tebur hancin nan ya girma, amma akwai wasu mata biyu masu jakar fata a kusa, kuma wayayye ba ya shinshina abu a gaban jama'a.

Yana isa gida ya danna su duka cikin firji, tun ranar Laraba, wai kada su lalace. Yana ɗan shekara goma ya san sanyi na tsayar da nunar mangwaro. Kada ka raina ƙoƙarinsa, shekara ashirin ya ɗauka kafin ya iya mantawa.

4. Cuku

Na cikin bidiyon wani iri ne mai tauri da ke jure wuta. Kai ba ruwanka da wannan. Ka duba wanda ba ka iya karanta rubutun jikin ledarsa, ka ɗauka. Auta ya ɗauko mai laushi, falle-falle, kowane falle da rigarsa ta leda, irin wanda ko rana ya gani sai ya kwanta.

5. Ka kawar da danginka daga hanya

Ranar Asabar da hantsi matar Auta ta kira ni. "Yaya, don Allah ki zo. Ƙanenki ya sayo sabon murhu da rigar masu girki, tun safe bidiyo ɗaya yake maimaitawa. Ni fa tsoro nake ji."

Na je. Na tarar ya share baranda, ya jera kujeru biyu da ɗan tebur, ya aro tukunyar fure daga maƙwabta. A falo na ga wani wuri a bango ya fi ko'ina haske, inda hoton Baba yake rataye, wanda aka ɗauke shi yana rungume da kankana yana dariya. Daga baya na samu hoton a bayan kabad, fuskarsa na kallon bango.

"Yaya," in ji Auta, bai yarda mun haɗa ido ba, "ku zauna a kicin ke da ita. In ina son faranti zan ƙwanƙwasa taga."

"In baƙon naka ya gan ni fa? In ce masa ni wace ce?"

"Ba zai gan ki ba."

"Allah ya ba da sa'a."

A nan zan faɗi nawa laifin, kada a ce na ɓoye. Tun daren farko matarsa ta gaya min zancen baƙon, ni kuma ranar Talata na bi ta teburin Baba, hira ta kawo hira na ce masa Auta zai yi babban baƙo ranar Asabar, shugabansu na ofis, kuma 'ya'yan itace za a ba shi. Murna nake yi, na zaci dama za a gaya masa. Baba ya ce, "Asabar ƙarfe nawa?" Na ce huɗu. Ya sunkuya ya zaɓi mangwaro shida, yana juya kowanne a tafin hannu, ya naɗe su a tsohuwar jarida ya tura ƙasan tebur. Ya ce abarba sai ranar da safe, in mota ta sauke. Har na bar wurin yana murmushi shi kaɗai.

6. Ka kunna wuta, ka tabbata ta amsa sunanta

Masana sun ce a jira harshen wuta ya kwanta, gawayi ya yi farin toka. Masana ba su da Manajan da zai iso ƙarfe huɗu. Ka tuttula kananzir, ka ƙyasta ashana, ka ja da baya da abin da ya rage na girarka.

Manaja ya iso a kan lokaci, mutum mai tumbi da agogo mai nauyi. Ya yaba tukunyar furen maƙwabta, ya zauna. Auta ya fito cikin farar rigar girki da faranti a hannu. Kafin ya yanka mangwaron sai da ya danne wuƙa da hannu biyu, cikin mangwaron kuwa fari fat. Ya jera yankan a kan raga wuta na lasarsu, ya shimfiɗa wa kowanne fallen cuku, yadda ya gani ana yi.

Cukun ya yi daƙiƙa biyar yana shawara, sannan ya bi ta ramukan raga ya zube cikin wuta. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe barandar, mai warin kananzir da ƙonanniyar madara. Manaja ya yi tari, ya cire tabarau ya goge. Muna leƙe ta taga, matar Auta ta toshe baki da hannu.

"Haka yake farawa, ranka ya daɗe," in ji Auta. "Hayaƙin ne ke ba shi ɗanɗano."

Ka haddace wannan maganar, za ta yi maka amfani a wurare da yawa.

Ya kankaro yanka biyu ya miƙa. Waje baƙi ƙirin, ciki kuwa sanyin firji bai gama fita ba. Manaja ya gatsa, muka ji ƙaras har kicin. Tsamin ya kama shi a muƙamuƙi, ido ɗaya ya rufe da kansa. Ya daɗe yana tauna saboda kara, sannan ya nemi ruwa. Ya duba agogo.

Auta ya ga duban agogon nan. Ya hango Dogo a kan kujerar yana juyi, yana ba da labarin jirgi. Ya hango kansa a sashen takardu da furfura, yana buga hatimi har ranar ritaya. Gumi ya karyo masa. A ransa ya roƙi Allah ya kawo masa mafita, ko ta wace hanya ce. Ka yi hattara da irin wannan addu'ar, wani lokaci nan take ake amsawa.

Ƙararrawar keke ta kaɗa a bakin ƙofa.

7. Idan mahaifinka ya yi sallama

Nan ake gane wanda aka haifa don shugabanci.

Baba ya turo keken ya jingine. Ya sa rigarsa mai ruwan toka, wadda na ɗinka masa, wadda ba ya sawa sai zai je inda yake ganin girmansa. Ya rufe tebur da wuri, ranar Asabar, ranar da ciniki ya fi tafiya. Ya sauko da kwali, ya yi sallama, ya tsaya a bakin baranda yana murmushi, yana jira ɗansa ya gabatar da shi. Hannuwansa dai na aiki ne, duk tabon yanka. Takalminsa na roba, ƙotar wuƙarsa na leƙowa daga aljihu.

Manaja ya amsa sallamar, ya dube shi sama da ƙasa cikin fara'a. "Wannan fa?"

Numfashi ɗaya kake da shi a nan, kada ka ɓata shi. Auta ya dubi takalmin robar. Ya dubi keken. Ya tuna motocin da ya bari aka saya wa Baba da murmushi. Kalma biyu ce kawai ake bukata, "Mahaifina ne," kuma ya rantse min daga baya cewa ta zo har bakinsa. Ban musa ba. Abin da ya fito dai shi ne:

"Ɗaya daga cikin ma'aikatan mahaifina ne, ranka ya daɗe. Shi ke kawo mana kaya."

Farantin da ke hannun matar Auta ya suɓuce cikin ruwan wanke-wanke. Ni kuwa har gobe ina jin haushin kaina da ban fita ba.

Baba ya dubi ɗansa. Ba dogon kallo ba ne. Murmushin bai ɓace ba, sai dai ya canza, ya koma irin wanda yake yi wa mai motar da ya tsaya ciniki bai ko sauke gilashi sosai ba. Ya ajiye kwalin a ƙasa, ya ɗan rusuna.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Maigidan ne ya aiko ni."

"Madalla. Yaya maigidan naka? Ina jin labarinsa."

"Da safe dai lafiyarsa ƙalau."

8. Ka matsa gefe, ka bar ma'aikaci ya yi aikinsa

Shugaba ba ya taɓa wuƙa, nuni yake yi.

Baba bai taɓa gasa ɗan itace ba a rayuwarsa, a wurinsa wulaƙanta ni'ima ne. Amma ya dubi farantin, ya dubi fuskar baƙon, ya dubi gumin ɗansa, ya gane abin da ke shirin kuɓucewa. Ya naɗe hannun riga.

"A ba ni izini, yallaɓai," ya ce. Da Auta yake. "Wutar ce ta yi yawa."

Ya baza gawayin, ya bar shi ya kwanta. Kafin nan ya tsayar da abarbarsa ya fere ta, ya bi idanunta da bakin wuƙa a karkace ya zare su layi-layi, ko tsoka ɗaya bai yi asara ba. Da ɓawon ya goge ragar tas. Ya buɗe jaridar, ƙamshin mangwaro ya kori warin kananzir har muka ji a kicin. Sun kai daidai, sun nuna ba su saki jiki ba, na Asabar ƙarfe huɗu. Ya yanke gefen kowanne, ya tsane ruwan da tsumma mai tsabta, ya ɗora a kan garwashin da ya yi ja. Ya saurara, ya shinshina, ya juya sau ɗaya, ya sauke. Cukun kuwa ya ɗaga falle ɗaya ya jujjuya shi, ya ce wannan ba wuta yake so ba, ɗumi yake so. Ya yayyaga shi ya ɗora a kan yankan bayan an sauke, ya narke a hankali ya zauna inda aka sa shi.

Ya ƙwanƙwasa tagar kicin. Surukarsa ta buɗe, idanu jawur.

"Uwar gida, a taimaka da gishiri kaɗan."

Ta miƙa masa da hannu biyu, ta durƙusa a inda ba mai ganinta sai ni.

Manaja ya ci ɗaya, ya lumshe ido sak mutumin cikin bidiyo. Ya ci na biyu, ya ci na uku, ya kwance agogo ya ajiye, ruwa na bin haɓarsa. A na bakwai ya ce tun da likita ya kafa masa doka bai sa abu mai daɗi haka a bakinsa ba.

Yanzu naka aikin. Ka tsaya a gefe, ka goya hannu a baya, ka riƙa gyaɗa kai. Auta ya yi bayani a kan yadda zafi ke fito da zaƙi, da yadda gishiri ke tayar da shi, abubuwan da ya sani minti biyar da suka wuce. Da Manaja ya ce tsohon nan gwani ne, sai ya ce, "Muna ƙoƙarin koya musu, ranka ya daɗe." 

Baba ya goge wuƙarsa, ya ninke kwalin, ya nemi izinin tafiya.

"Ka gaishe min da maigidanka," in ji Manaja. "Ka ce masa na ce ya haifi ɗa. Irin wannan tarbiyya ta yi wuya yanzu."

"Zai ji, ranka ya daɗe."

Na zaga ta ƙofar baya na tare shi a titi yana ƙoƙarin hawa keke. Sau biyu ƙafarsa na kuskure feda.

"Baba."

"Koma ciki, 'yata. Ƙanenki yana da baƙo."

"Baba, ni na jawo, ni na gaya maka."

"Ki ce su fitar da sauran mangwaron nan daga firji. Ko da yake sanyi ya riga ya shige su."

Ya hau ya tafi, kwandunan biyu babu komai a ciki suna kaɗawa.

9. Ka karɓi sakamako

Kwana tara aka yi takardar ƙarin girma ta fito. Na gaya maka hanyar ba ta ƙarya. Dogo ya taya shi murna haƙora a datse, 'yan sashen takardu suka fara ce masa yallaɓai, aka kai shi sabon ofis mai kujera mai juyawa.

Akwai ɗan ƙari, kamar kowace nasara. Manaja ya kira shi ya ce daga yanzu duk wata, idan manyan abokan ciniki sun zo, da gasasshen mangwaro da cuku za a tarbe su, a harabar kamfani. "Kuma ka riƙa zuwa da tsohon nan. Ka roƙi mahaifinka ya ara mana shi."

Auta ya ce to. Me zai ce? Kwana tara ke nan bai kira Baba ba, yana jira abin ya huce da kansa, Baba ma bai kira ba. A gida matarsa ta mayar da hoton bango da hannunta, tana kuma ajiye masa abinci ba tare da ta zauna ba. Ya zauna a sabuwar kujerar ya juya hagu, ya juya dama, ya ji ba ta kai daɗin da ya zata ba.

10. Ka je tebur

Ka ajiye mota nesa. Ka cire kwat. Ka tsara maganarka tun a hanya: ruɗewa ce, suɓutar baki ce, sharrin shaiɗan ne, Baba ka yafe min. Auta ya maimaita ta ya fi sau goma, har da gaɓar da zai durƙusa. Ya shirya wa faɗa, ya shirya wa zagi a gaban jama'a. Ya ma fi son a mare shi, don mari yana da ƙarshe.

Baba na zaune a benci tare da mai jarida da mai gyaran takalmi, abokan zamansa na shekaru, waɗanda suka san Auta tun yana yawo ba wando. Ya hango shi tafe. Mutum mai shekara sittin da tara, da gwiwa mai ciwo, ya dafa tebur ya miƙe tsaye. Ya ɗauki tsumma ya kakkaɓe bencin, ya matsa gefe.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. A zauna. Me za a kawo?"

Mai jarida ya sauke jaridarsa. Mai gyaran takalmi ya tsaya da allura a sama.

"Baba, ni ne fa."

"Na gane ka mana. Ɗan maigida."

Auta ya zube bisa gwiwoyinsa a kan ɓawon lemo. Baba, da gwiwar nan tasa, ya kama gefen tebur ya fara durƙusawa shi ma, don ma'aikaci ba ya tsayawa a kan ɗan maigida yana ƙasa. Dole Auta ya miƙe da sauri. Haka suka tsaya, tebur a tsakani, duk maganar da ya tsara ta gudu ta bar shi. Maganar aron tsoho kuwa ko tayar da ita bai iya ba, ga wata ya kusa ƙarewa, manyan baƙi na hanya.

Sanarwa

Mai wannan rubutu alkawarin kujera ta yi, ba ta yi na komai ba. Ƙonewar gira, tarin baƙo, tukunyar furen maƙwabta da hayaƙi ya kashe, matar da ta daina cin abinci tare da kai, duk ba hannunta a ciki. Wanda ya gwada da nasa uban, shi ya sani. Ba a karɓar ƙorafi, ba a mayar da maganar da ta riga ta fita.

Kada kuma ka kira ni ka ce in je in ba da haƙuri a madadinka. Na je wa Auta sau uku. Kowane zuwa Baba sai ya ba ni wurin zama, ya yanka min gwanda, sannan ya rage murya ya tambaye ni ko ɗan maigida yana lafiya, ko yana samun cin abinci a kan lokaci, don ya ga ya rame. Kuma da gaske yake tambaya.